Tambayoyinku kan rubutu: a zauna kullum ne, ko a jira ilhama ta zo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta da masu son farawa. Ni malamar makaranta ce a nan Kaduna, ina zaune wajen Kawo ina koyarwa a Tudun Wada, kuma na haura shekara 10 ina rubutun labari. Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita min, wasu ta waya, wasu in mun haɗu wajen biki ko taron marubuta, har na ga gara in tara su waje ɗaya in amsa da iya abin da na sani da wanda na gani da idona. Wasu amsoshin sun yi tsawo, ku yi haƙuri, abin ne yana raina sosai.

Anti ni fa sai ilhama ta zo min nake iya rubutu, in ba ta zo ba ko layi ɗaya ba na iyawa. Laifi ne?

Ba laifi ba ne ƙanwata, ba zunubi kika yi ba. Amma bari ki ji abin da jiran nan ya yi min. Littafina na biyu da zafi-zafi na fara shi, cikin kwana tara na rubuta babi huɗu, ko yunwa ba na ji, ina tuƙa tuwo ina jin muryar yarinyar labarin a kunnena kamar tana tsaye a ƙofar kicin. Sai wata safiya na tashi na ji shiru. Na ce toh bari in jira ta dawo. Sati ya wuce, wata ya wuce, aka yi ƙaramar sallah aka yi babba, aka sake zagayowa, wallahi shekara uku cur littafin nan yana babi na huɗu. Ranar da na buɗe shi sai da na koma baya na duba sunan kishiyar uwar yarinyar, na manta shi ƙaf. Ranar na yi kuka, don labari ne da nake so kuma ni da hannuna na bari ya huce.

Abin da na gane daga baya, ilhama iri take ba ki, ba ta ba ki dami. Za ta kawo miki fuskar mutum ɗaya, ko faɗa ɗaya tsakanin uwa da 'ya, ko layin farko mai daɗi, amma littafi babi talatin ne, kuma a ciki akwai wuraren da kawai sai kin ɗauko mutum daga Rigasa kin kai shi asibiti kin dawo da shi, ba wata ilhama da za ta sauko don wannan. Ki tambayi duk wanda ya tashi a ƙauye, manomin gero ba ya kwanciya a ɗaki sai ruwa ya sauka sannan ya fara neman fartanya. Tun da rani ya yi sharar gona ya kai taki, wani ma har binne yake yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya rufe alhali ko hadari babu a sama. Ruwa na Allah ne, ba wanda ya isa ya saukar da shi. Amma daren da ya sauka, gonar wa zai tarar a shirye?

To ke kin ma yarda akwai wata aba ilhama, ko duk zance ne?

Na yarda ɗari bisa ɗari, wanda ya ce babu bai taɓa ɗanɗanarta ba ne. Wata rana ina cikin bas daga Kawo za mu Kasuwa, wata tsohuwa tana neman canjinta wajen kwandasta yana ta yi mata hanya-hanya, ba ta ɗaga murya ba, ta dai kama gefen rigarsa ta ce ɗan nan kuɗin maganin jikana kake riƙe min. Tsikar jikina ta tashi. Akwai wata kaka a labarina da na kasa samo yadda take magana, a take na ji ta. Ina sauka a shataletalen Leventis na tsaya gefen titi na rubuta shafi guda a bayan littafin darasina, masu keke suna ta yi min hon.

Amma ki lura da wani abu. Mun fi mu goma a bas ɗin nan, kowa ya ji maganar tsohuwar. Ni ta kama ne saboda na yi sati biyu ina zama kowace safiya ina fama da kakar nan, ina rubutawa ina gogewa, kaina yana ɗauke da ita ko'ina na je. Da a shekarun nan uku da na ajiye rubutu ne, da maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Mutanenmu kan ce wai mawaƙi wane aljani ke ba shi waƙa. Ni abin da na sani, makaɗan fada da na noma da na dambe tun suna yara suke bin ubangida suna amshi, shekara da shekaru suna jin yadda ake ɗora magana kan kiɗa kafin a ji tasu muryar.

Malama, rubutun da aka yi don dole ba ya fita lami? Ai mai karatu zai gane.

Nima haka na ɗauka ɗan'uwa. Sai da na gama wani littafi na koma ina gyara, na ce bari in nemo shafukan da na rubuta raina ba ya so, waɗanda na yi da ciwon kai ko bayan na kwana jinyar yaro. Na kasa ware su daga sauran. Wasu wuraren ma da na rubuta cikin shauƙi ina jin kamar ba a taɓa rubuta irinsu ba, su ne na fi yanke wa a gyara, saboda surutu ya yi yawa a ciki. Yadda ka ji lokacin rubutu daban, abin da ya zauna a kan takarda daban.

Kuma ka duba tarihin rubutun bokon Hausa kansa. Littattafan labarin farko ba jira aka yi su faɗo ba, gasa aka sa a 1933, Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta, da lokacin da za a kawo. Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina ya shiga. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya na kamar wata shida, a zaman nan ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, wanda har yau ake karantawa a makarantunmu. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 shi ne edita, kuma jarida ba ta san edita bai ji daɗin jikinsa ba, ranar fita ranar fita ce. Ko gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi tun 2016, mata nawa ne ka sani da suka yi shekaru suna cewa za su rubuta, sai da aka sa ranar rufewa suka zauna suka gama cikin sati? Ranar rufewar nan ba ta ƙara musu basira ba, zaunar da su ta yi.

Inda zan yarda da kai shi ne in mutum ya rubuta don dole kuma ya saki a haka ba gyara. Wannan kam yana fita lami, amma laifin rashin gyara ne.

Kalma nawa ya kamata in rubuta a rana?

Wadda za ki iya a ranar da ta fi kowace wuya a satinki, ba ranar da kike hutu ba. Za ki ji ana ba da labarin Anthony Trollope, wani marubucin Ingila ma'aikacin gidan waya, da yake zama kan teburinsa ƙarfe 5:30 na asuba ya ajiye agogo a gabansa, kalma 250 duk minti 15, na tsawon awa uku kafin ya tafi aiki, ya bar littafin labari 47. Gaskiya ne. Amma ba a cika faɗa miki cewa yana da dattijon mai aiki da yake ƙara wa fam 5 a shekara don kawai ya tashe shi ya kawo masa kofi ba. Ke wa zai kawo miki? Ke ce ma za ki dafa wa mutum bakwai shayi. Graham Greene, wani marubucin Ingilan, shi kalma 500 ya ɗaukar wa kansa, in ya cika ya ajiye alƙalami.

Ni tawa 300 zuwa 400 ce, kamar shafi ɗaya da ɗan ɗori a littafin rubutu. Ki lissafa da kanki, 300 sau kwana 200 ya ba ki 60,000, littafi ne cikakke, kuma kin ga shekara kwana 365 ce, ke nan an bar miki kwana 165 na biki da suna da zazzaɓi da baƙi. In ƙirga kalma yana ɗaga miki hankali ki bar shi, ki ƙirga lokaci. Minti 30 a zaune, waya a kashe data, ko an rubuta da yawa ko kaɗan kin cika alƙawari.

Wane lokaci ya fi?

Ni bayan sallar asuba. Ina idarwa ba na komawa gado, don in na koma shikenan ranar ta tafi. Akwai wata 'yar kujera ta tsuguno a kicin, a kanta nake zama, in ɗora ruwan wankan yara a wuta, in jingina da bango da littafi a cinya, lokacin hunturu in ja hijabi in rufe har ƙafa saboda iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin ruwan ya tafasa in sauke in ɗora na biyu na samu wajen minti 40. Ba a fara kiran Mama ba, ba a fara sallama ba, sai ƙarar tsintsiyar maƙociyata ta bayan katanga. Annabi (SAW) ya yi wa al'ummarsa addu'ar albarka a sammakonta, kuma da sanyin safiya ake kama fara. Toni Morrison, marubuciyar Amurka da ta ci kyautar Nobel a 1993 ita ma kafin gari ya waye ta saba rubutu, kuma ta faɗa cewa ƙananan yara ne suka sa ta fara hakan.

Amma ba wahayi ba ne. Ina da ƙawa ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare, asuba lokacin barcinta ne, ita bayan la'asar take yi. Wani ƙanenmu mai shagon waya a Kasuwar Barci tsakanin azahar da la'asar yake samu in kasuwa ta yi sanyi. Abin da ya fi muhimmanci ki ɗaure rubutun a jikin wani abu da kike yi kullum ba fashi, sallah ko kai yara makaranta ko rufe shago, yadda ba sai kin tsaya shawara da zuciyarki ba. Shawarar nan ta yau in yi ko in bari ita ke cinye mutum.

Anti ina da aure da yara huɗu da uwar miji a gida. Masu cewa a rubuta kullum ba su san rayuwarmu ba.

Wasunsu kam ba su sani ba, gaskiyarki. Kuma ba zan ce miki ki hana kanki barci ba, na ga wadda ta yi haka wata biyu tana taifin har ƙarfe biyun dare, hawan jini ya kwantar da ita. Amma 'yar'uwa ki duba ta ɗaya gefen, mu masu hidimar nan mu ne ma jiran ilhama ya fi cuta. Namijin da ba shi da nauyi in abin ya zo masa ƙarfe 11 na safe zai iya rufe ɗaki ya yi awa biyar. Ke in ta zo miki ƙarfe 11 hannunki na cikin wanki, ko kina jajjage, ko Hajiya na kira, kafin ki samu kanki ta tafi. In kika ce sai ta zo kuma ta tarar kina da sarari, sau nawa hakan zai haɗu a shekara?

Don haka ki nemi ɗan lokacin da yake naki ko minti 20 ne, ki tsare shi. In kwana uku ne a sati, toh kwana uku, amma ki san waɗanne ne. Ki faɗa wa maigidan da bakinki, cikin ladabi, a lokacin da yake cikin nishaɗi, cewa ga abin da kike so ki yi kuma ga lokacin, don abin da ake yi a ɓoye kamar sata shi ne ke fara mutuwa in hidima ta taso. Yaran ma suna sabawa, autata tun tana shekara huɗu in ta farka ta gan ni a kujerar nan sai ta zo ta kwanta a ƙafata ba ta ce komai ba. Sauran yinin kuma ki riƙa ɗauke da labarin a ka, in wata magana ta zo kina aiki ki danna waya ki naɗi muryarki daƙiƙa 30, gobe in kin zauna kin samu abin farawa. Hadisin Nana A'isha (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Maganar ibada ake, na sani, amma ni na ga gaskiyarsa har a kan takarda.

Masu karatuna a gurup kullum sai sun ce Anti afdet, in na yi kwana biyu ban saki feji ba har zagi ake. Ba shi ne rubutun kullum ɗin ba?

A'a, kuma nan ne nake so ku ji ni da kyau don abin yana ɓata mana marubuta masu kyau. Rubutu kullum daban, saki kullum daban. Wadda take taifin da daddare ta saki da safe ba ta da damar komawa babi na uku ta gyara abin da ta gano a babi na ashirin, ya riga ya fita, an yi ta turawa WhatsApp da Facebook da Wattpad. Shi ya sa za ki ga labari ya fara da ƙarfi, yana kaiwa tsakiya sai a fara jan shi, a kawo hatsarin mota, a kawo aljani, a kawo wata kishiya daga sama, ba don labarin yana buƙata ba sai don yau dole a saki wani abu. Kuma kwament yana juya alƙalami, mutum hamsin sun ce kar a kashe wane, sai ki fasa abin da tun farko shi ne ƙashin bayan labarin.

Shawarata, kar ki fara saki sai kina da aƙalla feji 15 a ajiye, in da hali ma ki gama littafin. Ki sanar da ranakun saki, misali Litinin da Alhamis, ki tsaya a kansu. Mutane suna haƙuri da wadda suka san ranarta fiye da wadda ke saki kullum na sati biyu sannan ta ɓace wata guda. In kuwa littafin kuɗi ne, mutane sun biya, to wannan amana ce kuma bashi ne a wuyanki, bai kamata ki karɓi kuɗin mutane kan labarin da ke kanki kina jiran ilhama ta faɗa miki ƙarshensa ba.

Na zauna a kan lokaci kamar yadda kika ce, amma kai ya toshe, ba abin da ke fita. In yi yaya?

Ka fara tambayar kanka wace irin toshewa ce, don ba iri ɗaya ba ce. Wani lokaci gajiya ce kawai ko yunwa ko damuwa, wannan maganinta barci. Wani lokaci kuma ka yi kwana ba daidai ba a baya, ka sa wani ya yi abin da ba halinsa ba ne, labarin ya ƙi tafiya, in ka koma shafi biyar ko goma baya za ka ga inda ka kauce. Amma wadda ta fi yawa, kuma ita muke kira rashin ilhama alhali ba ita ba ce, ita ce rashin sani. Ba ka san abin da kake son rubutawa ba.

Na taɓa maƙalewa kwana goma a kan wani uba da ke aiki a masaƙa a Kakuri. Na san masaƙun nan su ne suka riƙe Kaduna shekaru, masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) tun a 1957 ta fara aiki kafin daga baya ta rufe, amma ban san yadda cikin wajen yake ba, ban taɓa shiga ba. Sai na nemi wani dattijo da ya yi aiki a ɗaya daga cikinsu, na je gidansa da 'yar ledar goro. Ya ba ni labarin ƙarar injuna da ta sa sai da hannu suke magana, da auduga da ke maƙale musu a gashi da hanci, da yadda titi ke cika da kekuna in an tashi aiki, da yadda matarsa ke gane ƙarar kekensa tun daga kan kwana. Yana magana yana murza hularsa a gwiwa. Na dawo gida na rubuta shafi shida a zama ɗaya. In labarinka ya taɓa tarihi, ga Arewa House nan a Rabah Road, gidan da Sardauna ya zauna, da laburarensu, ga kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa a cikin garin nan, mutane daga ƙasashen waje suke zuwa dominsu mu muna wucewa ta ƙofa. Ranar da ka je bincike ita ma ranar aiki ce, ka ƙirga ta.

Wata dabara kuma da ake dangantawa da Hemingway, marubucin Amurka, kuma na gwada ta yi min, kar ka tashi sai a inda ka san abin da zai biyo baya. Ni har rabin jimla nake bari. Gobe ina zama in ƙarasa ta, hannu ya riga ya fara tafiya.

Har Juma'a da ranar sallah?

A'a mana. Ko makarantar allo da ta fitar da alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, ana hutun Alhamis da Juma'a. Ni kwana biyar nake yi.

Wuta ba ta zama, waya ba caji, ga ƙwacen waya. Da me kike rubutu?

Littafi da biro na fara, har yanzu zubin farko a takarda nake yi, ba ruwanta da caji kuma ba saƙon da zai shigo ya ɗauke min hankali. Ranar Asabar nake zama in yi taifin abin da na tara, a nan ma nake gyaran farko. In a waya kike yi dan Allah duk ranar da kika rubuta ki tura wa kanki ta Gmail ko ki ajiye a Google Docs. Na san wadda aka fizge wa waya a bakin titi da babi 22 a ciki ba kwafi ko'ina, har yau ba ta sake rubutu ba.

Ni waƙa nake rubutawa, ba labari ba. Ita ma sai a sa mata lokaci?

Waƙa kam ta ɗan bambanta, ba zan ce ka fitar da waƙa kullum ba. Amma akwai aikin da ke ƙarƙashinta da yake son kullum, kunnenka ya saba da kari, ka iya riƙe amsa-amo ɗaya baiti 30 ba ka tilasta kalma ba, ka gwada ƙwar biyu ka gwada ƙwar biyar (baiti mai layi biyu da mai layi biyar), ka karanta na magabata da murya a fili. Wanda ya yi wannan, ranar da abin ya taɓa zuciyarsa yana da kayan aiki a hannu. Wanda bai yi ba zai ji abin a ƙirji ya rasa yadda zai fitar da shi.

Azumi fa, ko rashin lafiya, ko rasuwa?

Da azumi ina rage wa zuwa kwana biyu a sati, goman ƙarshe kuma na ajiye gaba ɗaya. Rasuwa kuwa, lokacin da mahaifina ya rasu wata huɗu ban taɓa biro ba kuma ban ga laifin kaina ba. Tsari don ya taimake ki aka yi shi, ba don ya zama bulala ba. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci Nobel a 1988, ma'aikacin gwamnati ne da aka san shi da tsare lokaci kamar agogo, amma bayan juyin mulkin 1952 ya yi kusan shekara biyar bai rubuta labari ba, sannan ya dawo. Bambancin da nake so ki riƙe, akwai ajiye rubutu don rayuwa ta danne ki, kin san dalili, akwai kuma zaman jira kina lafiya lau kina cewa ba ta zo ba. Na yi duka biyun, na farkon bai bar min nadama ba.

Anti, shi wancan littafin da ya tsaya a babi na huɗu, kin ƙarasa shi kuwa?

Na ƙarasa, alhamdulillahi. Ranar da na koma ban rubuta sabon abu ba, karanta babi huɗun na yi daga farko, na ɗauko wata takarda na jera sunayen mutanen da dangantakarsu na liƙa a bangon kicin da salatif. Washegari na rubuta layi bakwai marasa daɗi. Sati biyun farko haka na yi ta turawa kamar mai tura motar da batir ya mutu, ban ji komai ba. A sati na uku wata Laraba, ruwa na kan wuta, ina rubuta inda yarinyar ke wanke wa kakarta ƙafa, sai na ji ta yi magana, muryar nan dai da na rasa shekara uku, har ruwan ya tafasa ya kusa ƙonewa ban sani ba. Ba kullum ta riƙa zuwa ba bayan nan, wani satin sau ɗaya, wani satin ko sau ɗaya babu. Wata bakwai na yi, babi 31. Takardar sunayen tana nan a bangon har yanzu, hayaƙi ya sa ta yi ja.